Baba yana da katin inshora, amma albashina a asibiti yake ƙarewa

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a nan Zariya, ina da aure da yara uku. Mahaifinmu yana da shekara 74, yana fama da hawan jini da ciwon suga, bara kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mu huɗu ne 'ya'yansa, amma ni kaɗai ce a gari. Yayyena maza biyu, ɗaya yana Abuja ɗaya yana Fatakwal, ƙanwarmu kuma tana aure a Funtuwa. Na biya kuɗi na sa Baba a inshorar lafiyata a matsayin ƙarin mutum, na ɗauka na huta. Amma kullum muka je asibiti sai an ce babu magani, in je waje in saya. Gwaji kuma a ce sai an jira kod, wato lambar amincewa daga kamfanin inshora. Watan jiya aka ba shi gado na kwana 9, ranar sallama aka miƙo mini bil, ban gane kansa ba, na ranto kuɗi na biya saboda ina jin nauyin in tsaya ina jayayya a kan kuɗi Baba yana kallona. Yayyena sun daina turo komai, cewarsu ai yana da inshora. Maigidana ya fara ƙorafi. Ga Inna ita ma jininta ya fara hawa, ba ta da kati, wata abokiyar aikina ta ce in riƙa kai ta da katin wata gwaggonta da ba ta amfani da shi. Anti na gaji, kuma ina tsoron Allah Ya kama ni da laifin ƙirga abin da na kashe wa mahaifina. Yaya zan yi?

Daga ƙanwarki a Tudun Jukun

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce kin ranto kuɗi kin biya bil ɗin da ba ki gane ba saboda jin nauyi. Na san wannan nauyin. An rene mu a kan cewa ɗa na gari ba ya lissafi da iyayensa, kuma haka ne. Sai dai lissafin da ke gabanki tsakaninki da asibiti ne da kamfanin inshora da 'yan'uwanki. Baba ba ya cikin waɗanda kike bi bashi. Duk Nairar da kika bari ta salwanta a tagar biyan kuɗi saboda kunya, daga kuɗin maganinsa na wata mai zuwa ta fita.

Na yi jinyar mahaifiyata shekara 4 kafin Allah Ya karɓi abinSa. A shekarar farko duk takardar da aka ba ni a asibiti sai in cusa ta cikin wata baƙar leda da ke rataye a bayan ƙofa. Ranar da na buƙace su na zazzage ledar a kan tabarma, sai na tarar kusan rabin rasit ɗin sun koma fari fat. Irin siririyar takardar nan ce ta injin POS, zafin ɗaki ya cinye rubutun. Na zauna ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen hasken taga ko zan ga inuwar lamba, ban ga komai ba. Kuɗin da ya kamata a mayar mini a wancan karon haka na rasa shi, domin ba ni da abin nunawa. Daga ranar na sayi littafi mai bangon kwali, kuma shi ne abu na farko da nake so ki saya.

Amma kafin littafi, ki san yadda kuɗin ke tafiya, don in kin san wannan rabin abin da ake faɗa miki a taga zai daina ruɗa ki. Hannu uku ne a cikin lamarin. Akwai hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS bayan dokar da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022. Akwai kamfanin inshorar da ke tsakanin hukumar da asibiti, wanda ake kira HMO, sunansa yana cikin takardun rajistarki. Sai asibitin da kika zaɓa wa Baba a matsayin asibitinsa na farko. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ne, iyaye ba sa ciki, shi ya sa sai da kika biya daban kafin a sa Baba. Wannan biyan na shekara ne. Ki duba ranar da zai ƙare ki rubuta ta a bangon littafin da manyan baƙi, domin mutane da yawa sai a bakin taga suke jin cewa rajistar tsohonsu ta ƙare.

Asibitin farko ana biyan sa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane sunan da ke rajistarsa, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗin ake so ya ga mara lafiya, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magungunan yau da kullum. Shekaru da dama Naira 750 ne kacal a wata kan mutum ɗaya, sai a 2024 da kuma Afrilun 2025 aka yi ƙari. Ki kwatanta wannan da kuɗin maganin tsoho mai hawan jini da suga a kasuwar yau, za ki gane inda kalmar "babu" take samo asali a wurare da yawa. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Asibitin da ya karɓi rajistar mutum ya ɗauki alkawarin ba shi maganin da ke cikin jerin hukuma. Na faɗa ne don ki daina ganin yarinyar da ke bayan taga a matsayin abokiyar gaba. Ba ita ta tsara abin ba, kuma da ladabi za ki fi samun abin da kike nema a wurinta.

A ƙa'idar wannan tsari, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne naki. In maganin wata ya kama Naira 18,000, abin da za ki biya Naira 1,800 ne. Amma sharaɗin shi ne maganin ya kasance cikin jerin da hukuma ta amince da shi, kuma jerin da sunan magani na asali yake tafiya, ba da sunan da kamfani ya laƙaba masa ba. Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Likita zai rubuta sunan wani kamfani saboda shi hannunsa ya saba, a taga a ce wannan ba ya cikin inshora, ke kuma ki hau napep zuwa kemis a Sabon Gari ki saya da cikakken kuɗi, alhali maganin nan ɗaya yana nan a kan kanta da wani sunan. Saboda haka tun a gaban likita ki buɗe baki. Ki ce, "Likita, da inshora muke, don Allah a rubuta mana wanda ke cikin jerin in zai yi masa aiki." Likitoci sun saba jin wannan. In akwai dalilin da ya sa lallai sai wancan, zai gaya miki, ke ma kin san abin da kike biya wa.

In kuma maganin yana cikin jerin aka ce ya ƙare, kada ki juya kawai. Ki roƙi mai ba da magani ya rubuta a jikin takardar cewa babu, ya sa hannu da kwanan wata, da hatimi in akwai. Ki je teburin inshora na asibitin ki nuna, ki tambayi yadda suke yi a irin wannan hali, ko za su samo miki ko za su mayar miki da kuɗinki in kin saya. A kemis ki karɓi rasit mai sunan shago da sunan Baba, ki ɗauki hotonsa da waya kafin ki bar wurin. Ba zan yi miki alkawarin duk kuɗin zai dawo ba. Amma wadda ta zo da takarda mai sa hannu, ana sauraronta daban da wadda ta zo da baki kawai.

Abu ɗaya nake roƙonki a nan. Duk yadda aljihu ya yi, kada a rage wa Baba ƙwayar hawan jini ko a riƙa tsallake kwana don magani ya kai ƙarshen wata. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana cikin haɗarin sake samu, kuma tsayawa a kan magani na cikin manyan abubuwan da ke kare shi. In kuɗi ya gaza, likita za ki gaya wa, ya duba ko akwai mai sauƙin kuɗi.

Sai maganar kod. Duk abin da ya wuce ƙarfin matakin farko, kamar ganin likitan ƙwararru, manyan gwaje-gwaje, tiyata, ko gashin ƙashi, ana biyan sa ne aiki bayan aiki, kuma sai an rubuta takardar turawa, kamfanin HMO ya ba da lambar amincewa. Ita ce kod ɗin da ake ce miki ki jira. Asibiti ne ke nema, kamfani ne ke bayarwa, ke kuma kina zaune a benci ba ki san a hannun wa abin ya maƙale ba. To ki tambaya: "An tura buƙatar? Ƙarfe nawa aka tura?" Ki rubuta lokacin, sannan ki kira kamfanin da kanki. Tun daga 1 ga Afrilun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da amsa cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema. Ki ambaci wannan a waya cikin natsuwa. Kuma in lamarin na gaggawa ne, ba a jiran kod kafin a fara ceton rai, daga baya ake nemansa cikin awa 48. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wata rana na wuni da mahaifiyata a wani asibiti, tun bayan sallar asuba har aka kira la'asar, muna jiran wannan lamba. Tana kan keken marasa lafiya, kunun da na zo da shi a filas ya huce, ƙafafunta sun kumbura saboda zama. Sai can wani ma'aikaci mai kirki ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ce, "Hajiya, duba nan." A katin asibiti sunanta yana da "u" a ƙarshe, a rajistar inshora babu, shekarar haihuwa ma ta bambanta da shekara 2. Wannan kaɗai ya tsayar da mu wuni guda. Iyayenmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kowane ofishi abin da aka kintata ya rubuta. Ki ɗauko takardar NIN ta Baba da katin inshorarsa da katin asibiti ki jera su, ki duba harafi bayan harafi. In akwai saɓani ki gyara shi yanzu da yake zaune lafiya a gida.

Mu dawo kan bil ɗin kwana 9. Biyan da kika yi bai rufe ƙofa ba. Ki koma ki nemi a ba ki shi dalla-dalla, kowane abu da kuɗinsa da ranarsa. Haƙƙinki ne. Kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ambaci cewa mara lafiya yana da haƙƙin a bayyana masa kuɗin da ake cajinsa a fili. Ki je ke kaɗai, ranar da ba ki tare da Baba, ki zauna da mai kula da teburin inshora ku bi layi bayan layi, a kan kowanne ki yi tambaya ɗaya: wannan inshora ce ke biya, ko ni, ko raba mana ake yi? Za ki tarar wasu abubuwan da gaske naki ne. Inshora gadon ɗakin gama-gari take biya, kuma kwanakin kwanciya suna da iyaka a shekara, don haka in an sa shi a ɗaki na musamman bambancin yana kanki. Abinci ba ya ciki. Manyan hotunan nan na ƙwaƙwalwa da ake yi wa mai shanyewar jiki galibi raba kuɗinsu ake yi. Waɗannan ki karɓa da zuciya ɗaya. Amma ki duba adadin kwanakin da aka rubuta, ki duba ko akwai gwajin da aka sa sau biyu, ko maganin da likita ya canza aka mayar amma ya zauna a lissafi, ko abin da aka caje ki cikakken kuɗi don kawai ba a nemi kod a kan lokaci ba. Yawanci ba mugunta ba ce, hannaye ne da yawa suka taɓa fayil ɗaya.

In kin ga abin da bai dace ba, ki rubuta takarda gajera ga asibitin, ki ba kamfanin HMO kwafi, ki haɗa da hotunan rasit, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan naki kwafin. In shiru ya yi yawa, hukumar NHIA tana da ofishi a Kaduna, tana karɓar ƙorafin masu rajista, kuma tana sa a mayar wa mutane kuɗinsu in an tabbatar da gaskiyarsu. Haka nan ba a ɗaure ki da asibiti ɗaya ba. Bayan wata 6 ana iya neman canjin asibitin farko. Mu a Zariya Allah Ya hore mana wurare, daga asibitin koyarwa na Shika zuwa na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga masu zaman kansu a Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada. Kafin ki canza, ki tambayi masu jinyar tsofaffi irinki inda suke samun magani ba tare da yawo ba, ki kuma auna nisa, domin ɗora mai shanyayyen ɓari a napep ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu littafin. Shafi ɗaya ga kowace zuwa asibiti: kwanan wata, likitan da aka gani, abin da ya rubuta, lambar kod in an bayar, abin da inshora ta ɗauka, abin da kika biya. A ƙasa kuma ki rubuta waɗanda babu inshorar da za ta taɓa biya, domin su ne suke cin albashinki a ɓoye. Kuɗin napep zuwa da dawowa. Famfas na manya. Tsinken awon suga. Abincin da likita ya ce a canza masa. Yaron da kike ba wani abu yana taimaka masa da wanka. Katin wayar da kike ƙonawa wajen kiran kamfani. Ki yi wata ɗaya cur kina rubutawa, ko Naira 200 ce kada ki raina.

Wannan shafin shi za ki kai wa yayyenki, kuma a nan nake so ki kyautata musu zato tukuna. Mutumin da ke Fatakwal ya ji an ce Baba yana da inshora, a ransa komai kyauta ne. Ke kuma duk sanda ya kira kika ce "Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi," ba ki taɓa ce masa kin ranto kuɗi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ke waje sai an nuna masa. Kada ki fara da ƙorafi, kuma kada ki fara a zauren WhatsApp na dangi inda matansu da 'ya'yan baffanni suke. Ki kira babban yayanku shi kaɗai, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Yaya, akwai lissafin jinyar Baba da nake so ka gani, don kai ne babba, kai ya kamata ka tsara mana yadda za a yi." Sai ki tura masa hoton shafin: ga abin da aka kashe a wata, ga abin da inshora ta ɗauke, ga abin da ya rage, ga bashin da ke kaina. Kin ba shi girmansa, kin kuma ajiye masa lambobi a gaba. Da wuya namiji mai mutunci ya ga wannan ya kau da kai.

Abin da za ki nema shi ne tsayayyen abu duk wata, kowa gwargwadon ƙarfinsa, a rana sananniya, kamar yadda ake zubin adashi. "In an samu za a turo" ba ya sayen magani. Malamai sun bayyana cewa ɗaukar nauyin iyaye mabuƙata yana kan 'ya'yansu masu hali, bai taƙaita ga wanda ya fi kusa da gida ba. A buɗe asusu daban na jinyar Baba, kada kuɗin ya gauraya da albashinki, duk ƙarshen wata ki tura musu hoton shafin ko ba su tambaya ba. Kuma ba kuɗi kaɗai ake rabawa ba. Yayanku na Abuja zai iya ɗaukar kiran kamfanin HMO da bin sawun takardun ƙorafi, wannan aikin waya ne, daga ofishinsa zai yi. Ƙanwarku ta Funtuwa ba ta da nisa, da izinin mijinta za ta iya zuwa ta karɓe ki kwana biyu ko uku a wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma naki ya daɗe a sama.

Sai dai ki kiyaye sirrin Baba. Lambobi za ki tura, ba hoton sakamakon gwajinsa ko bayanin lalurar da shi kansa zai ji kunyar a sani ba. Dattijo ne mai hankalinsa. Ki zauna kusa da shi bayan sallar isha'i ki gaya masa cewa kina so ki tsara takardun asibitinsa, kina neman izininsa ki riƙa magana da asibiti da kamfani a madadinsa. In ya yarda a rubuta 'yar takarda ya sa hannu ko ya dangwala, ki ajiye a cikin littafin. Kina tsoron kada ya ji kamar ya zame miki kaya. Ni abin da na gani a wurin mahaifiyata shi ne hankalinta ya fi kwanciya bayan ta ga abin yana da tsari. Tsofaffi suna karanta fuskar mai jinyarsu fiye da yadda muke zato, kuma ba mamaki Baba ya riga ya lura da damuwarki a ranar sallamar nan.

In yana karɓar fansho kuma katin bankinsa yana hannunki, to wannan ya fi komai buƙatar rubutu. Duk abin da kika cira, ki rubuta ranar da abin da aka yi da shi, ki gaya masa. Haka kuɗin da ke fita daga aljihunki, ki yanke tun yanzu a ranki wanne ne kyauta don Allah, wanne ne rance da kike sa ran 'yan'uwa su mayar, ki faɗa musu a fili. Na ga gidajen da jinya ta haɗa kansu, rabon gado ya zo ya raba su, saboda wadda ta yi wahalar ba ta da shaida, waɗanda ke nesa kuma suna da zargi. Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka ki cire tsoron cewa rubuta lissafi zai rage miki lada.

Maigidanki kuma ki nuna masa shafin nan kafin ma ki nuna wa yayyenki. Sau da yawa abin da ke damun miji shi ne ganin kuɗi na fita ba a san iyakarsa ba, ga matarsa kullum a gajiye. Ki gaya masa iyakar abin da za ki riƙa sawa daga albashinki, ki gaya masa matakin da kika ɗauka da 'yan'uwanki, ki gode masa a kan haƙurin da ya yi.

Maganar kai Inna da katin wata, a'a ƙanwata, kada ki fara. Na san abokiyar aikinki tausayi ne ya sa ta faɗa. Amma ha'inci ne, in aka gano zai iya shafar rajistarki da aikinki, har da mai katin. Ga kuma haɗarin da ya fi wannan. Fayil ɗin waccan baiwar Allah yana ɗauke da rukunin jininta, da magungunan da take sha, da waɗanda jikinta ba ya karɓa. Ranar da aka kawo Inna cikin gaggawa ba ta iya magana, likita da abin da ke cikin fayil zai yi aiki. Hanyoyin halal suna nan. Za ki iya sa ta a matsayin ƙarin mutum kamar yadda kika yi wa Baba, kuɗin ya fito daga asusun da za ku buɗe. Akwai shirin GIFSHIP na hukumar NHIA, wanda aka yi don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ba sa cikin tsarin ma'aikata. Akwai KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wadda aka kafa da dokar 2018, tana rajistar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Sannan dokar 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni da aka yi wa tanadi na musamman, don haka ki leƙa asibitin matakin farko na mazaɓarku ki tambaya ko ana ɗaukar sunaye. Duk wanda za ki zaɓa, ki tambayi abu uku kafin ki biya: wane asibiti za ta riƙa zuwa, maganin hawan jini yana ciki, kuma sai bayan kwana nawa katin zai fara aiki, domin akwai lokacin jira bayan rajista. Shi ya sa gara a yi yanzu da jinin bai kai ta ƙasa ba.

Kin rufe wasiƙarki da cewa kin gaji. Na yarda da ke. Ranar da za ki kai Inna awon jini, ke ma ki miƙa hannunki a auna, katinki na aiki kuma haƙƙinki ne. Ranar da ƙanwarku ta zo karɓarki, ki tafi gidanki ki kwanta, kada ki mai da ranar ta wanki da zuwa kasuwa.

Ranar Litinin ki nemi izinin awa biyu a wurin aiki, ki biya ki sayi littafin, ki wuce asibiti ki nemi bil ɗin nan dalla-dalla. Ki tafi da biro da katin Baba da rasit ɗin biyan da kika yi. In kin karɓo kuma akwai layin da ya shige miki duhu, ki sake rubuto mini mu duba tare. Ki gaida Baba da jiki, ki gaida Inna.